Wuƙar Takaba da Hoton Ƙoda

Assalamu alaikum, masu karatu. Wadda ta saba bina ta san ni, wadda yau ta fara shigowa ta gyara zama. Sunana Azumi, a Likoro nake cikin ƙasar Kudan, shekaruna hamsin da bakwai, kuma duk unguwarmu Goggo ake kirana, har waɗanda suka girme ni. Wata yarinya ta rubuto mini wai labarin soyayya na yara ne, me tsohuwa za ta faɗa. Ban tanka mata ba. Ta karanta wannan tukuna.

Abin da zan ba ku yau ba ya yi mini daɗin faɗa, domin laifina yana ciki dumu-dumu.

Malam, maigidana, ya rasu a farkon damina, makon da aka fara shukar masara. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ku sani, a unguwarmu ni ce mai shigar da mata takaba. Ba wanda ya naɗa ni, bakina ne ya naɗa ni. Duk wadda mijinta ya mutu, ni nake zuwa in tsefe mata kai, in kwashe kwalli da turare da lalle in kulle a akwati, in ɗaura mata zane marar ado, sannan in danƙa mata 'yar wuƙa mai kube ta soke a ƙugu. Ba za ta rabu da ita ba, ko bayi za ta, ko kwanciya za ta yi, don kada wani abu ya raɓe ta. Kuma ba za ta taka ƙofar gida ba. Malamai sun sha faɗa a wa'azi cewa wuƙar nan babu ta a littafi, kuma mai lalura tana iya fita. Ni kuwa amsata ɗaya ce: haka muka tarar, haka za mu bari. Mata sun fi ashirin da suka karɓi wuƙa daga hannuna.

Cikinsu akwai Mairo. Shekara tara ke nan da mijinta ya faɗi a babur a hanyar Makarfi. Tana tsakiyar takaba idonta na dama ya yi ja, ya kumbura, yana ruwa. Ta aiko tana kuka a bar ta ta je asibiti. Na je da kaina na ce mata ido ba ya gudu, ta gama takabarta. Ta ji maganata. Ranar da ta fita, likita ya ce an makara. Yau idon fari ne fat, ba ta ganin komai da shi. Kuma duk safiya in mun haɗu sai ta durƙusa ta gaishe ni.

To ga shi ta zo kaina. Da hannuna na soke tawa wuƙar, a ƙugun hagu.

Ɗakina ba shi da girma. Gadon ƙarfe, jeren kwanukan da na zo da su tun aure, buzun salla, da taga ɗaya mai kallon bayan rumbu. Kwana ɗari ina kallon rumbun nan, har na san tsagar da ke jikinsa ta ƙaru da kamu guda. Zanena biyu, ɗaya ruwan toka ɗaya ruwan ƙasa, in na wanke wannan in ɗaura wancan. Ban yi ƙorafi ba. Zaman ba shi ne ya hana ni sakat ba, kuiɓina ne na hagu.

Ciwon ya riga mutuwar Malam. Yakan zo kamar an dafa dutse an ɗora mini a baya, sai zazzaɓi, sai fitsari da zafi. Kafin rasuwar an kai ni Zariya, aka shafa mini wani abu mai sanyi a ciki aka duba. Likita ya ce ƙodata ta hagu ta kumbura, fitsari yana taruwa a ciki. Amma hoton da ya yi ba zai gaya masa ko tana aiki ko ta mutu ba. Sai an yi wani daban a Abuja, wanda zai nuna aikin kowace ƙoda ita kaɗai, sannan ya san ko gyara zai yi ko cirewa. Aka rubuta sunana a layi. Sai mutuwa ta shigo, na manta da zancen.

Wata Talata da hantsi sai ga Hafiza, 'yata ta uku, wadda ke aikin jinya a Ikara, da cikinta wata shida a gaba, tana haki. Ta durƙusa ta gaishe ni, ban ko gama amsawa ba ta miƙo waya.

"Inna, sun turo saƙo. Talata mai zuwa, ƙarfe goma na safe."

"Su wa?"

"Masu hoton ƙoda. Layinki ya zo."

"Ki ce musu ina takaba. Saura kwana talatin."

"Inna, ba ɗinki ba ne da za a ce tela ya jira. Maganin da ake hoton da shi daga ƙasar waje ake kawo shi, kuma ƙarfinsa raguwa yake yi kullum, a taɓa shi ko kar a taɓa. Shi ya sa suke tara mutane a mako guda. In wannan ya wuce ki, sai an sake kawo wani, wata biyu ko uku."

"Sai in jira wata uku."

"Ke za ki jira. Ƙodar fa, ta ce miki za ta jira?"

Na yi mata kallon da nake yi mata tun tana yarinya. Ta sunkuyar da kai, amma ba ta janye maganar ba.

Muna cikin haka ɗan farina ya dawo daga gona. Bakina ba ya kiran sunansa, ƙannensa Yaya suke ce masa, ku ma ku bi su. Ya yi sallama ya tsuguna a bakin ƙofa, laka har gwiwa.

"Inna, ni ban ce kar a yi magani ba. Amma na tambaya, an ce sunan wurin sashen nukiliya. Nukiliya fa, abin da ake bom da shi. Shi za a ɗura miki a jijiya?"

Hafiza ta ce, "Yaya, ɗan ɗigo ne, bai cika cokalin shayi ba. Kwana ɗaya ya bi fitsari ya fita. Kuma na je wurin Liman, ya ce lalura ce, ta je ta dawo ta kwana a ɗakinta, babu laifi."

"To, ke ce 'yar boko. Wace mota? Da ciwon nan ba za ta iya matsin motar haya har Abuja ba."

Hafiza ta soma wasa da bakin mayafinta. "Baba Tukur ya ce a ɗauki tasa."



Bari in gaya muku wane ne Tukur, tunda kun buɗe kunne. Hatsi yake sayarwa a kasuwar Makarfi. Shekara arba'in da suka wuce shi da Malam suka nemi aurena lokaci ɗaya. Ba wanda ya tilasta mini, ni na zaɓa. Na ƙi Tukur don dariyarsa ta yi yawa, na ce namijin da ba ya rufe haƙora ba zai riƙe gida ba. Ya riƙe gida shekara talatin da shida, har Allah ya ɗauki matarsa. Ranar rasuwar Malam ya zo ta'aziyya, ya tsaya a zaure ya yi addu'a ya tafi. Bai aiko mini da kalma ɗaya ba. Amma tsofaffin Likoro ba su manta komai ba.

Yayansu ya gyara tsugunno. "Inna, ke kika koya mana. Ranar da Mairo take kuka da idonta ina zauren gidansu, da kunnena na ji abin da kika ce. Yanzu a wayi gari a ce Goggo ta fita da takaba, kuma a motar Alhaji Tukur? Ina zan sa fuskata a masallaci?"

Ban iya ce masa ya yi ƙarya ba. Na ce wa Hafiza ba inda za ni, kowa ya tashi ya ba ni wuri.

Masu karatu, na san halal ne. Tun kafin Liman ya faɗa na sani. Ba Allah ne ya kulle ni a ɗakin nan ba. Ni na kulle kaina, na ɗauki makullin na raba wa matan unguwa.

Washegari da azahar wayata ta yi ƙara. Hafiza ce ta turo saƙon murya, ba ta rubuta komai a kai ba. Na danna. Muryar da na ji ba tata ba ce, ga hayaniyar kasuwa a baya.

"Hafiza, 'yata, ya jikin Innarki? Ba da ita nake magana ba, kin sani, mai takaba ba a damunta da surutu. Da ke nake. Amma in kin ga dama ki gaya mata, hoton nan an yi mini shi shekara biyu da suka wuce, lokacin da tsakuwa ta tsaya mini a ƙoda, ga ni nan ban fashe ba. Ta ci abincinta da safe, ba gwajin yunwa ba ne. Ni da wautata na je ciki wayam, na ga wani dattijo yana cin burodi a kan layi, na ce a raina wannan korarsa za a yi. Ashe ni za a yi wa faɗa. Ruwa suke so. Ta sha kofi uku ko huɗu kafin a shiga. Kai, ba nan za ka sauke buhun ba, can. Yi haƙuri Hafiza, kasuwa."

Na kife wayar a kan buzu na ce astagfirullah. Na yi salla. Na idar, na ɗauko na sake ji.

Ranar Alhamis wani ya shigo.

"Hafiza, na manta. Ta zuba duk magungunan da take sha a leda ta tafi da su, musamman na hawan jini, su za su ce wanne za ta sha wanne za ta dakata. Kuma ki cire mata tsoro, ba rami ake cusa mutum ba. Gado ne siriri, na'urar tana ƙarƙashin bayan mutum, ba ta taɓa shi, ba ta cizo. Allura ɗaya a hannu, iyakar zafin ke nan. Abu mai wuya shi ne kwanciya shiru ba motsi, rabin awa ko fiye. Wannan kuwa Innarki ta fi ni iyawa. Tun muna yara in ta yi shiru gari ke tsorata."

Ku 'yan matan yanzu da ake turo muku hoton fure da zuciya ja, ba za ku gane ba. Mutumin nan bai ce yana sona ba, bai isa ya faɗa ba, ni ma ban isa in saurara ba. Maganar fitsari da allura kawai ya yi. Amma na ji saƙon nan sau goma sha ɗaya, na rage murya na manna wayar a kunne, hannuna ɗaya yana kan kuben wuƙa kamar ɓarauniya. Kowane ji sai na nemi gafarar Allah, in nemi ta Malam.

Duk da haka ban ce zan je ba.

Juma'a ciwon ya tashi. Na yi amai sau biyu, na ciji bakin zane don kada surukata, matar Yayansu, ta ji. Asabar na kasa tsayuwa a salla, a zaune na yi. Hafiza ta kira tana kuka. Ta ce ko na yarda ma akwai wata matsala: an ce kar mai ciki ta raka ni, domin bayan allurar ana so in ɗan nisanci masu ciki da jarirai har washegari, ita kuwa ga hanya doguwa a mota ɗaya. Matar Yayansu goyo take. Don in gwada ruwa, na aika wa ƙawayena biyu, sa'o'ina, cewa da za a je wa zai raka ni. Ɗaya ta ce gwiwarta. Ɗaya ta ce a gaya mini ita ma shekara uku da suka wuce haƙorinta ya yi ciwo a takaba, ta daure, kamar yadda na ce mata.

Na kwanta na kalli tsagar rumbu. Ashe duk wadda na taɓa yi wa faɗa ta zuba ido ta ga yadda zan yi.

Litinin bayan la'asar aka yi sallama. Mairo ce, da kwanon kunun tsamiya a hannu. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba, ya ƙarin haƙuri, ya jiki, ya yara. Ta zauna a bakin tabarma ta juyo mini gefen fuskarta mai gani.

"Goggo, an ce ba za ki je ba."

"An faɗa daidai."

"Madalla. Haka ya kamata." Ta soma zuba kunun a kofi a hankali. "Ni da na ji na ce Goggo ba za ta ba mu kunya ba. In ƙodar ta mutu ai tana da 'yar'uwa. Ni ma da ɗaya nake gani, ga ni ina tankaɗe, har zare nake sa wa allura in rana ta yi kyau."

Jinina ya hau kai. "Zagina kika zo yi a ɗakina?"

"Wa ya isa, Goggo. Karatunki nake biya miki. Ƙoda ba ta gudu."

Ni Azumi, da ba a taɓa rufe mini baki ba a Likoro, yau Mairo ta rufe shi. Can na ce, "Shekara tara ba ki taɓa ce mini komai ba."

"Ba ki taɓa tambayata ba."

Ta miƙo mini kofin, na karɓa. Ta jira na kurɓa, sannan ta ce, "Goggo, in kin zauna ƙodarki ta lalace, idona ba zai dawo ba. Sai dai a ce, kun gani, ko Goggo ma ta daure. Gobe wata yarinyar ta zauna da nata ciwon saboda ke. Wannan ne ba na so. Na wanke hijabina. In an sallame asuba ina ƙofar gida, ki fito ko kar ki fito."

Ta ɗauki murfin kwanonta ta tafi.

Kafin magariba na aika aka kira Yayansu. Na ce ya je Makarfi ya karɓo motar, gobe shi zai tuƙa. Ya buɗe baki zai yi magana. Na ce fuskar da yake tambayar inda zai sa, ya sa ta a kan hanya.

Da gari ya soma haske na ci ɗumame, na ɗaura zanen ruwan toka, na sa hijabi marar ado, na ɗauki ledar magunguna. Na tsaya a zaure. Kwana ɗari da bakwai ƙafata ba ta wuce dokin ƙofar nan ba. A waje masara ta nuna har an fara karya, ban ga tsirowarta ba. Maza suna dawowa daga masallaci, suka kau da kai. Labulen gidan da ke kallonmu ya motsa. Mairo ta kama hannuna ta ce, "Taka, Goggo, ƙasa ce." Na taka.

Motar tana ƙamshin citta da buhun hatsi. A kujerar baya an ajiye gorunan ruwa shida da matashi guda. Ba wanda ya ce wa ya ajiye, ni ma ban tambaya ba. Tun daga Zariya Mairo take ɗura mini ruwa. "Sha, Goggo." Kafin mu kai Kaduna na sa an tsaya sau uku, Yayansu yana kallon gabansa kamar an dasa shi.

A asibitin wata ma'aikaciya ta karɓe mu, Sadiya aka rubuta a ƙirjinta. Ta duba magungunana ɗaya bayan ɗaya, ta auna nauyina da tsayina, ta ɗauki biro.

"Mama, kina da ciki?"

Na ce, "'Yar nan, dubi furfurata."

"Kina shayarwa?"

Mairo ta toshe baki da hijabi. Sadiya ta yi murmushi ta ce dole ne ta tambayi kowace mace, kar in ji haushi. Ta ƙara mini kofi biyu na ruwa, ta ce in je in yi fitsari in dawo. Na dawo, ta kai ni ƙofar wani ɗaki mai sanyi, ta tsaya.

"Mama, in akwai ƙarfe a ƙugunki ko a cikinki, makulli ko fil ko wani abu, a cire."

Na ce babu. Ta dubi inda zanena ya yi tudu. Mairo ta dubi ƙasa.

"Wannan fa?"

"Wuƙar takaba ce. Ba a cire ta."

"Allah ya ji ƙansa, Mama. Amma daidai saitin ƙodar da muke nema take. Ƙarfe yana tare wa na'urar gani. In kika shiga da ita, hoton wuƙa za mu ɗauka, ki koma gida kamar ba ki zo ba."

Masu karatu, na ƙetare ƙofar gida, na shiga motar Tukur, na jure idon unguwa, amma nan ne na toge. Mata ashirin na gaya wa cewa wadda ta ajiye wuƙar nan ko na ƙiftawar ido, abin da ya same ta ita ta jawo. Na faɗa har na yarda. Ga shi an ce mini abin da na soke don ya tsare ni, shi ya tsaya tsakanina da magani. Na tsaya ina zufa a ɗaki mai sanyi, har Sadiya ta dubi agogo.

Na zare ta da kubenta. Na miƙa wa Mairo. Na shiga ni kaɗai.

Gadon siriri ne kamar yadda aka faɗa, na'urar tana ƙasa kamar babban faifai. Aka kwantar da ni rigingine, aka sa mini 'yar roba a jijiyar hannu. Sadiya ta ɗauko sirinji a cikin wani kwanso mai nauyi, ta ce, "Yanzu zan sa, daga nan kar ki motsa." Na jira in ji wuta ta bi jikina. Ɗan sanyi kawai na ji ya hau hannuna, shi ke nan. Na jira in ji wani abu ya raɓe ni tunda ba wuƙa. Ba abin da ya zo sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki.

Akwai allo a gefe inda idona ke iya kaiwa ba tare da na juya ba. Da farko ɗige-ɗige ne kamar an watsa gero. Sai suka taru suka zama abu biyu masu siffar wake. Ɗaya ya yi haske da wuri, ya soma dushewa, hasken yana gangarawa ƙasa. Ɗayan ya daɗe kafin ya kama, da ya kama kuma ya tsaya cik, kamar ruwan kududdufi da ba shi da mafita. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, amma wannan ba sai an fassara mini ba. Na kalli abin da ya cika ya kasa fita, hawaye ya gangaro mini cikin kunne, ba halin sharewa.

Wajen minti ashirin Sadiya ta ƙara wani magani ta robar nan, ta ce wannan mai kawo fitsari ne, a ga ko ƙodar za ta saki abin da ta riƙe. Wannan Tukur bai faɗa ba, ina jin kunya ce ta hana shi. Ku da za a yi wa, ni na faɗa muku: marata ta cika kamar za ta tsage, ga shi an ce kar a motsa. Na yi salati ya fi ɗari. Da aka ce in tashi, da ƙyar na kai bayi da mutuncina. Na dawo aka ƙara ɗaukar wani ɗan gajere, aka zare robar. Duka bai fi awa ɗaya ba.

Sadiya ta ce in ci abin da na ga dama, in yi ta shan ruwa ina fitsari, in kora bayi da ruwa sosai in wanke hannu, kar in rungumi jariri ko in zauna jikin mai ciki sai gobe. Sakamako kuma wurin likitana zai je.

Mairo tana kan benci, wuƙar tana cinyarta. Ta miƙo mini.

Na ce, "Riƙe ta."

"Har yaushe?"

Na ce, "Mairo, ki yafe mini idonki."

Ta daɗe tana kallona da ɗayan. Sai ta buɗe gora. "Sha ruwa, Goggo. An ce ki yi ta sha." Sai da muka wuce Kaduna a komowa, Yayansu ya sauka sayen mai, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Na yafe tun da safe, a tsayawa ta uku. Da na ga kina gudu bayan kuka riƙe da zane, na ce ashe Goggo ma mutum ce."

Na kwana a ɗakina kamar yadda Liman ya ce. Na koma wa tagata da rumbuna. Masu zuwa gaishe ni suka ragu, daga takwas suka koma biyu. Surukata ta ji a bakin rijiya ana cewa doka ta Goggo ce, amma ba don Goggo aka yi ta ba. Ban musa ba, sun faɗi gaskiya.

A makon ne mijin Wasila ya rasu, yarinya ƙarama mai ciwon asma. Uwarta ta aiko a karɓo wuƙa wurin Goggo. Na ce a gaya mata babu. Wasila ta bar ado, ta zauna a ɗakinta, ta yi wa mijinta addu'a, in kuma numfashinta ya tashi a kai ta asibiti a ranar, wanda ya yi magana a turo mini shi. Matar da aka aiko ta tsaya baki buɗe, sai da na ce ta rufe.

Kwana takwas da yin hoton Hafiza ta zo da takarda daga Zariya. Ta zauna kusa da ni, yanzu ba abin da zai hana.

"Inna, in an raba aikin ƙoda kashi ɗari, ta dama tana yin saba'in da shida, ta hagu ashirin da huɗu. Toshewa ce a bakin hanyar da fitsari ke fita. Likita ya ce da sauran ranta, zai buɗe hanyar, ba zai cire ta ba. Ya ce da an ƙara wata uku, bai san abin da zai gaya mana ba."

Na ce alhamdu lillahi, na sake cewa. Ta ce an sa ranar aiki kwana biyu bayan na fita takaba. Sai ta soma wasa da bakin mayafi, na san da saura.

"Akwai saƙo kuma. Nawa ne, ba naki ba."

"To me ya kawo shi ɗakina?"

Ta danna. Babu hayaniyar kasuwa wannan karon, kuma babu dariya.

"Hafiza, 'yata, na ji labari, na gode wa Allah. Ki gaya wa Yayanku motar tana nan ranar aikin. Ba wani abu. Sai dai na ce, in ban yi kuskure ba, saura kwana goma sha shida ta fita takaba. Ba wai ƙirgawa nake ba."

Hafiza ta kafe ni da ido. Na juya na kalli rumbu, na gyara zaman kallabina, na ɗaure fuska yadda na saba.

Na ce, "Ki gaya masa sha biyar ne. Shekara arba'in yana auna hatsi, har yau bai iya ƙirga ba."